Koya wa Yara Ƙirge da Gane Lamba Idan Fahimtarsu Ba Ɗaya Ba Ce

A yawancin azuzuwan ƙananan yara na Marwa da Garwa, abin da ake kira darasin lissafi rerawa ce. Malama ta ɗaga sanda, ɗaki ya ɗauka da murya ɗaya daga un har vingt, wato ɗaya har ashirin da Faransanci, iyaye su ji daga waje su ce Masha Allah. To, ki zuba wa yaron da ya fi kowa ɗaga murya tsakuwa goma a gabansa, ki ce ya ba ki huɗu. Sau da yawa damƙowa zai yi cike da hannu ya miƙo miki. Kamar ɗan makarantar allo ne da ya haddace sura alhali bai san baƙi ba. Haddar tana da amfaninta, amma bai kai ga sanin cewa "huɗu" sunan wani adadi ne ba.

Wannan jagora ta wanda ke riƙe da yaran da ba su daidaita ba ce: malamar ajin share fage, ko ta SIL, wato ajin farko na firamare a tsarin Faransanci na Kamaru, ko ta CP1 a Chadi, ko malamin Islamiyya da ya ware wa ƙanana rabin awa, ko uwar da 'ya'yan gida da na maƙwabta suka taru mata a tsakar gida. A irin wannan taro akwai 'yar shekara 4 mai kaifin kai, akwai ɗan shekara 7 da bai taɓa zama a aji ba, akwai wanda kunnensa bai ji sosai, akwai wanda Hausar ma bai gama kamawa ba. Da "ke" zan yi magana don galibi mata ke wannan aiki. Malam ya yi haƙuri, shi ma da shi ake.

Mataki na farko: ki san inda kowa ya tsaya

Kafin ki koyar da komai, ki ware kwana biyu ko uku na gwaji. Ki riƙa kiran yara ɗai-ɗai gefe yayin da sauran ke wasa, da tulin marufan kwalba kamar goma sha biyu da kwano ɗaya. "Ɗana, sa mini ɗaya a kwano." Ya sa, ki mayar cikin tuli. "Sa mini biyu." Haka za ki yi ta hawa har inda ya kasa sau biyu a jere. Kada ki gyara masa, kada kuma fuskarki ta nuna ko ya dace, don yara sun ƙware a karanta fuskar babba. Daga nan ki nuna masa katunan 1 zuwa 9 a hargitse, ki ga waɗanda ya iya kiran sunansu. A hargitse fa, domin in a jere suke haddarsa ce za ta amsa, ba idonsa ba. Minti uku sun ishi yaro guda.

Wata mai bincike a Amurka, Karen Wynn, ta yi aiki da irin wannan gwaji a farkon shekarun 1990. Ta nuna cewa yaro ba ya gane ma'anar lambobi a tashi ɗaya. Yakan fara sanin ɗaya, ya yi watanni a nan, sannan biyu, sannan uku, kafin ya gano cewa ƙirgen da yake yi shi ne ke faɗa masa adadi. Don haka yaron da ya ba ki biyu daidai ya damƙo a uku ba daƙiƙi ba ne, kan hanya yake.

In kin gama za ki ga yaran sun rabu kusan kashi huɗu: masu damƙa, waɗanda ba su wuce biyu ko uku ba, masu ƙirgawa amma su ɓata kafin biyar ko shida, masu ba da har goma daidai amma ba su san rubutacciyar lamba ba, sai waɗanda suka haɗa duka biyu. Ki rubuta a littafinki, lamba ɗaya tak a gaban kowane suna, wato inda ya tsaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya da wannan tsari ta yi suna, na raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekaru ko aji. Sai dai rabon naki ne ke kaɗai. Da zarar yara sun ji ana cewa "tabarmar gwanaye" da "tabarmar baya", kin gama da na bayan.

Mataki na biyu: kaya

Ba sai an sayi komai ba. Marufan kwalba, ƙwallon dabino da aka wanke, 'ya'yan tsamiya, tsakuwa, karan dawa da aka yanka daidai tsawon yatsa, ƙoƙuna, faifai, da kwali na yanka katuna. Kowane yaro ya samu abu goma nasa na kansa, don kallon hannun Malama daga nesa ba ya koya wa kowa ƙirge. Ki nemi kwalin da ake jera ƙwai, mai gurbi 30, ki yanko layi biyu masu gurbi biyar-biyar. Zai yi miki aiki fiye da yadda kike zato.

Abu uku kada su shigo: idon zakara da 'ya'yan zurma, duk kyansu guba ne, sai irin shuka da aka yi wa magani, musamman anguryar da ta rage bayan shukar auduga. In akwai 'yan ƙasa da shekara 3 a wurin, wake da gyaɗa ma a ɗauke, hanci da maƙogwaro suke nufa.

Mataki na uku: da wane harshe?

Da harshen da yaron ke neman abinci a gida. Nan ne malamai da yawa za su ja da ni, don makaranta Faransanci take so, iyaye ma shi suke so su ji. Amma ɗora wa ɗan shekara 4 sabon tunani da sabon harshe a lokaci guda kaya biyu ne, kuma in ya kasa ba za ki san wanne ya kayar da shi ba. Ki bari "ba ni biyar" ta zauna masa da Hausa, sannan ki kawo cinq a kan wannan tulin dai da ya riga ya sani. Sunan ne kawai sabo, kwana kaɗan zai ɗauke shi. Abin da za ki kiyaye shi ne haɗa harshe biyu cikin ƙirge ɗaya: a gama zagaye da Hausa, a sake wani da Faransanci.

Hausa ma tana da rangwame a sama da goma. Goma sha ɗaya, goma sha biyu, kalmar da kanta tana faɗa wa yaro cewa goma ce aka yi wa ƙari. A Faransanci kuwa daga onze har seize, wato 11 zuwa 16, sai an haddace su ɗai-ɗai, sai a dix-sept, wato 17, goman ke fitowa fili. Yaran da ke jin Fulatanci, kuma a nan arewacin Kamaru su ne da yawa, suna da wata riba: biyar jowi, shida joweego, bakwai joweeɗiɗi, wato biyar da ɗaya, biyar da biyu. Ki sa su ƙirga wa aji da yatsu, hannu ɗaya cike, ɗayan yana ƙari. A Hausa ki kasa kunne wajen bakwai da takwas, sun yi kama a kunnen yaro, yakan tsallake ɗaya ko ya juya su.

Mataki na huɗu: kowace kalma da abinta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ki fi daɗewa. Ƙoƙo biyu, ɗaya da marufai, ɗaya babu komai. Yaro ya ɗauki marufi ɗaya, ya jefa a ɗayan ƙoƙon, sai ya ji ƙarar faɗuwarsa sannan ya ce "ɗaya". Ƙarar ce ke riƙe bakinsa, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne baki ya riga hannu: ya kai bakwai alhali marufi huɗu ya taɓa. In ya ƙware a jefawa, sai ki jera masa a layi ya ƙirga da taɓawa kawai. Bayan layi sai da'ira, inda zai koyi riƙe inda ya faro, in ba haka ba ya yi ta zagaye. Bayan da'ira sai warwatse. A ƙarshe sai abin da ba a taɓawa: tafi, bugun ƙwarya, tsalle.

Duk ƙirgen da aka gama, ki rufe kayan da faifai ki tambaya: "Nawa ke nan?" Wannan tambaya ce ke raba masu rerawa da masu ƙirge. Wanda ya ce "huɗu" kai tsaye ya gane cewa kalmar ƙarshe ta dukan tulin ce. Wanda ya ɗaga faifai ya sake farawa daga ɗaya, a wurinsa "nawa" na nufin a sake waƙar. Irin wannan ki riƙa yi masa misali da bakinki: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu ke nan duka," kina zagaye tulin da yatsa. Kullum, ba gajiya. Rana ɗaya za ki ji ya riga ki faɗa.

Rochel Gelman da Randy Gallistel sun tsara ƙa'idojin ƙirge biyar a 1978. Uku mun riga mun taɓa su: jerin kalmomi ba ya canjawa, kowane abu kalma ɗaya, kalmar ƙarshe ita ce adadi. Sauran biyun su ne komai ana iya ƙirga shi, ko da kayan ba iri ɗaya ba ne, kuma ta duk inda aka faro adadi ɗaya za a samu. Don haka ki haɗa cokali da takalmi da ƙwallon goruba a tuli guda, a ƙirga daga dama, a sake daga hagu, a sake daga tsakiya. Ki kuma baza marufai biyar su yi tsawo a gaban yaro ki tambaye shi ko sun ƙaru. Da yawa za su ce sun ƙaru. Kada ki yi musu da shi, ya ƙirga ya gani.

Wasan da na fi so a wannan mataki shi ne Malama ta yi kuskure da gangan. Ki ƙirga marufi ɗaya sau biyu, ko ki tsallake uku, ki yi kamar ba ki lura ba. Ihun "Malama, ba haka ba ne!" yakan fito har daga bakin yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba, kuma sai ki sa shi ya nuna miki inda kika ɓata.

Mataki na biyar: gani ɗaya

Ido yana gane abu uku zuwa huɗu ba tare da ƙirge ba, kuma ana iya horar da shi. Ki ɗiga ɗigo manya a katuna, ki ɗaga kati na daƙiƙa biyu ki kife, yara su nuna adadin da yatsu. Da yatsu, ba da baki ba, don in da baki ne mutum uku ke amsawa sauran su bi amo. Da kwalin ƙwai kuma, a cika layin sama tukuna: bakwai ya zama layi cike da biyu a ƙasa, gurbi uku ya rage a kai goma. Wanda ya saba ganin haka tun yanzu, tarawa ba za ta ba shi wuya ba in ya je aji na gaba.

Mataki na shida: rubutacciyar lamba

Sai yanzu. Kuma kada ki nuna wa yaro lambar da bai iya ba ki adadinta a kwano ba. A fara da 1, 2, 3 kawai, kowane kati da lambarsa a sama da ɗigonsa a ƙasa. Hawa uku ake yi: ki faɗa, "Wannan uku ne", ki nema, "'Yata, miƙo mini uku", sai a ƙarshe ki tambaya, "Wannan nawa ne?" Nunawa ta fi kiran suna sauƙi, don haka kada ki yi tsalle zuwa hawa na uku. In ta gane, ta ɗora marufai uku a kan katin. Daga baya ki naɗe gefen ɗigon, lamba ta tsaya ita kaɗai.

Akwai tarkuna da suka shafe mu a nan musamman. A rubutun makarantar Faransanci 1 yana da dogon baki da ya gangaro hagu, shi ya sa ake gitta wa 7 sanda a ciki. A waya da kalanda da littattafan da ke shigowa daga Najeriya kuwa 7 ba shi da sanda, 1 kuma wani lokaci tsaye yake kawai. Ki zaɓi na makarantar da yaron zai shiga, ki tsaya a kansa, sai ya zauna sannan ki nuna masa ɗayan. Na biyu, yaranmu suna ganin lambobin Larabci a Alƙur'ani da Islamiyya, a Chadi ma har a makarantun gwamnati na Larabci. A can biyar ٥ ce, kamar sifilin boko. Shida ٦ ce, kamar bakwai ɗin boko. Huɗu ٤ kamar 3 da aka juya. Sifili kuwa ɗigo ne. Yaron da ya kira 0 biyar ba shirme ya yi ba, abin da ya gani jiya da yamma ya faɗa. Ki gaya masa daidai ne a can, a nan ga yadda ake rubuta ta, kuma ki yi katuna masu fuska biyu in yaran sun kai.

Kada 6 da 9 su zo a mako ɗaya, kuma ki ja musu layi a ƙasa don a san gindin kati. Sifili ki kawo shi da kwano: uku, a ɗauke ɗaya, a ɗauke ɗaya, a ɗauke ɗaya, me ya rage?

Rubutu kuma da yatsa a yashi za a fara, da girma, sannan jiƙaƙƙen yatsa a allo, sannan alli. Littafi da biro su jira. Yaro ya juya 3 ko 5 ta kalli baya abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, ba abin duka ba ne. Gane lamba daban, iya rubuta ta daban. Mai raunin hannu kada a tsare shi a 2 don bai iya zana ta ba alhali ya gane har 9.

Mataki na bakwai: layi a ƙasa

Ki zana gida goma a tsakar gida kamar na 'yar gala-gala, amma miƙe a layi ɗaya, daidai wa daida, da 1 zuwa 10 daga hagu zuwa dama. A zuba katuna masu 1 da 2 a hula, yaro ya zaro, ya yi tsalle gwargwadon abin da ya samu. Na ce hula ne don wasu iyaye in suka ga ƙwayar lido caca suke gani, ba kuwa sai an ja wannan rigima ba. Dokar wasan ɗaya ce: sunan gidan da ka taka za ka faɗa. Wanda ke kan 3 ya zaro 2, "huɗu, biyar" zai ce, ba "ɗaya, biyu" ba. Robert Siegler da Geetha Ramani sun gwada irin wannan wasa a kan allon kwali da 'ya'yan marasa ƙarfi a Amurka, suka wallafa a 2008: zama huɗu na kimanin minti 15 zuwa 20 cikin mako biyu ya inganta ƙirgensu, da gane lamba, da sanin wadda ta fi girma. Da suka gwada allo mai da'ira daga baya, bai yi tasirin miƙaƙƙen ba.

Yadda za ki haɗa su duka a zama ɗaya

Minti 25 sun isa, da safe, balle a watannin zafi na Maris zuwa Mayu. Minti biyar na farko kowa tare: ƙirge da tafi, gaba da baya, da katunan ɗigo. Sai minti goma sha biyar a ƙananan tabarmi, sannan biyar na ƙarshe a dawo wani ya nuna abin da ya yi.

Sirrin tabarmin shi ne wasa ɗaya, kaya ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta. Misali wasan shago: kowa ya zo da katin saye ya karɓi kaya. Katin mai damƙa ɗigo biyu ne, na mai bi masa ɗigo biyar, na uku yana da 7 da ɗigonta, na huɗu kati biyu ne, 4 da 3, ya karɓo duka ya faɗi jimla. Daga nesa kowa shago yake yi. Ke kuma ki zauna da tabarma ɗaya a rana, amma masu damƙa su samu kwana biyu ko uku a mako. Malaman da suka yi horon koyarwa sun san dabarar La Martinière, ta kowa ya rubuta a allonsa a ɗaga tare in an buga tebur. Tana aiki a nan, sai dai wanda bai kai rubutu ba ya ɗaga kati ko yatsu.

Mai saurin ganewa ba ƙaramin malami ba ne. Ya taimaka wani lokaci, amma in kullum shi ke gadin wasu zai gundura, su kuma su koyi jiran amsarsa. Kada kuma ki tura shi ƙirga ɗari biyu. Ki zurfafa masa cikin goma: marufai bakwai, ki kife ƙoƙo a kan wasu, nawa ke ciki? Hanya nawa za a raba shida gida biyu? Sannan ɗaurin kara goma-goma da zare, ya ga 14 ɗauri ɗaya ne da kara huɗu.

Mai nauyin ganewa a rage masa lamba, a ƙara masa girman kaya, a ba shi minti biyar kullum maimakon rabin awa sau ɗaya. Bulala ba ta da wuri a nan ko kaɗan, tsoro haddar baki yake haifarwa. Wanda kunnensa bai ji sosai ya zauna inda yake ganin bakinki, kowace lamba ki haɗa ta da yatsu, in kuma kunnen na zubar da ruwa a faɗa wa iyaye su kai shi asibiti. Mai raunin gani a ba shi goruba da igiya mai ƙulli-ƙulli, a manna masa lambobi da igiya a kwali ya shafa. Wanda yatsunsa ba sa ɗaukar ƙaramin abu ya tura da tafin hannu, ko shi ya faɗa abokinsa ya jefa. Mara zama wuri ɗaya shi ne mai rabon alluna, kowa ɗaya, kuma wannan rabon ma darasi ne. Wadda ba ta magana a aji, nuni da yatsa amsa ce, ki karɓa.

Kuɗi ki bar su sai can gaba, ko da yake yara suna son su. Ƙarfe ɗaya mai 100 ya fi biyar masu 10, abin da ya saɓa wa duk abin da kike koyarwa yanzu. Ga kuma lissafin kasuwa, inda dala ɗaya sefa 5 ce, mai 100 a kira shi dala ashirin, a Chadi ma riyal ɗaya sefa 5 ne. A wasan shago marufi ɗaya ya sayi abu ɗaya, shi ke nan.

Iyaye ki ba su aikin da ba ya bukatar boko: yaro ya ɗauko cokula daidai yawan masu ci, ya ƙirga ƙosai kafin a raba, ya ƙirga awaki in sun dawo da yamma, ya faɗi raka'o'in asuba da magariba da azahar ya nuna da yatsu.

Bayan mako biyar ko shida ki sake gwajin kwano da katuna, ki rubuta sabuwar lamba kusa da tsohuwa, ki sauya wa yara tabarmi. Wanda ya ba ki har goma ba kuskure, ya gane 0 zuwa 9 a hargitse, ya kuma faɗi wadda ta fi tsakanin 7 da 4 ba tare da ya ƙirga ba, ya isa shiga ɗaurin goma da tarawa. Wanda lambarsa ba ta motsa ba a gwaji biyu a jere, ki duba kunnensa da idonsa, ki tambayi mahaifiyarsa harshen da ake yi masa a gida, ki sake gwada shi da wannan harshen.